Ƙasar da Ba a Shanyawa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya danne ta da duwatsu, ya sa wasu duwatsun suka yi sanyi, wasu kuwa ya bar su da wuta a ciki. Ku da ke zaune, ku gyara zama. Ku da ke bakin ƙofa, ko ku shigo ko ku wuce, don wannan labari ba a jinsa a tsaye.

Sunana Tasalla, mutuniyar Rafin Ƙaiƙayi a ƙasar Jan Yashi. Karatuna bai wuce na salla ba, saboda haka kada ku jira ado a bakina. Abin da na gani zan faɗa muku, da abin da na aikata.

A shekarar da ruwa ya ɗauke kafin gero ya fid da kai, aka binne mini miji, aka binne mini 'ya'ya biyu, tsakaninsu kwana tara. Na naɗe tabarmata na koma ɗakin Inna. Mu biyu muka rage, sai ƙanena Cindo, wanda aka haifa da yatsa shida a hannun hagu. Shi kuwa shekara uku ke nan da ya bi fatake zuwa wani dutse da ake kira Uwar Toka, inda aka ce ƙasar baƙa ce wuluk, masararta ta fi mahayin raƙumi tsawo. Bai dawo ba, bai aiko ba.

Wata rana da hantsi na tarar da Inna a tsakar gida tana juya kuɓewa a tabarma. Haka muke a garinmu, duk abin da ya shigo gida da danshi rana za a kai shi: kuɓewa, barkono, ganyen kuka, fata, har takalmin baƙo. Tsoron fumfuna ya fi mana tsoron ɓarawo. Inna kuwa ta fi kowa. Mahaifinmu yakan ce da tana da iko da ta shanya rijiya.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ki je ki kawo mini ɗana."

Na ce, "Inna, in na tarar babu shi fa?"

Ta ce, "To ki kawo abin da zan sa a rami kusa da ubansa, ko ƙashi ɗaya ne. Ke kin san inda naki suke kwance. Ni ina zan fuskanta in yi masa addu'a?"

Na ɗauki burgamin mahaifinmu na fatar akuya, na ɗauki salkar ruwa, na fita.

Na bi ayarin masu gishiri wata biyu ina yi musu tuwo, har muka iso wani kogi da suka ce nan ne iyakarsu. Ban taɓa ganin irinsa ba. Duwatsu ne ke iyo a kansa, farare masu huji-huji kamar soso, suna gogar juna suna ƙara kamar ana niƙa. Babu kwalekwale, babu mai fito. Na ɗaga wani mai girman kan bijimi, na ji bai kai ƙwaryar fura nauyi ba. Sai na roƙi madugu ragar da ake ɗaure gishiri, na cika ta da duwatsun, na kwanta a kai rubda ciki, na tuƙa da hannu. Da na isa ƙetare babu fata a gwiwoyina, amma na isa.

Kwana shida daga nan, hanya ta shiga tsakanin wasu gaɓoɓi biyu da ruwa ya yanka, tsayinsu ya fi rimi uku. Jikinsu layi-layi ne kamar saƙi, baƙi da fari, baƙi da fari. A kowane baƙin layi ga bakin tukunya ya leƙo, ga dutsen niƙa, ga gawayin azara. Farin da ke kansa toka ce. Gari bakwai na gani, wani bisa wani. Dutsen yakan yi aman wuta ya rufe mutane, tokar ta daɗe ta koma baƙar ƙasa, wasu mutanen su zo su ce ga albarka, su zauna. Ina tsaye ina kallo, ban ji sawun kowa ba, sai igiya na ji a wuyana.

Wani dogo ne siriri, ana ce masa Tsinke, shi ke riƙe da bulalar sarkin wurin. Ya zagaye ni ya ce, "Mace ita kaɗai? Me kika zo nema?"

Na ce, "Ƙanena."

Ya ce, "Taho, akwai ƙanne da yawa a sama. Sai kin zaɓa."

Yini biyu muna hawa, har gajimare ya koma ƙarƙashin ƙafafunmu. Can na ga gonakin, hawa-hawa kamar matakala, baƙaƙe suna sheƙi, yayyafi bai ɗaukewa, sanyi yana shiga ƙashi. A kafaɗar dutsen, bisa duka gonakin, gidan sarki ne. A can gindin gangaren, daidai ƙarƙashinsa, bukkokin bayi ne. Daga gabas kuma wani ƙundumin dutse ya miƙe tun daga sama har ƙasa kamar ƙashin baya, babu ƙasa a kansa.

Sarkin sunansa Ƙosau. Mutumin kwari ne irina, harshenmu ɗaya. Shekara tara da suka wuce ya hau dutsen da masu baka ɗari biyu, ya bautar da mutanen wurin, ya riƙa ƙarawa da duk baƙon da ya faɗo. Mutanen wurin ana ce musu Sanɗawa, don ba sa taka ƙasa da ƙarfi. Ba su da ganga, ba su da turmi, a dutse suke niƙa komai, ko yaro ya yi tsalle da damina sai an ja kunnensa. Aikin bayi kuwa shi ne, ƙasar da ruwa ya wanko zuwa gindin gangare, su cika kwando su mayar da ita sama.

Aka haɗa ni bukka da wata tsohuwar Basanɗiya, Iya Wurra, mai ido ɗaya. Ranar farko ta ga ina buga ƙafa don in kaɗe laka, ta make ni a ƙauri.

Ta ce, "'Yar kwari, a garinku ƙasa jaka ce da ake duka? Miƙo hannunki."

Ta ɗebo ƙasar ta zuba mini. Ba nauyi, sai ka ce garin gawayi, ga laushi, ba tsakuwa ko ɗaya.

Ta ce, "Matse."

Na matse. Ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsuna, alhali a ido ba jiƙe take sharkaf ba.

"Murza yanzu."

Na murza, sai ta yi santsi kamar man shanu, ta narke ta zama kunu, ta zube daga tafina.

Ta ce, "Kin gani? Ruwan da ke cikinta ya fi ta nauyi, tana riƙe da shi shiru. In kika dame ta sai ta sake shi gaba ɗaya. Wannan a tafin hannu ke nan. Ki ƙiyasta gangare guda."

Sannan ta jawo wani katangan fasasshiyar tukunya daga gefen murhu, da ƙasa a ciki wadda ta bushe ta yi fari-fari. Ta zuba mata ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangare kamar a ganyen gwaza, ƙurar ta taso tana iyo a kai, ko ɗigo ba ta sha ba.

Ta ce, "Taku in ta bushe, ruwa ya sauka sai ta farfaɗo. Wannan sau ɗaya take bushewa. Daga nan ta mutu, ba ta sha, ba ta haɗuwa, iska kawai take jira. Ba a shanya ta."

A kwana na uku ina hawa da kwando na ga wani mutum a gabana yana jan ƙafafu. Ƙafafun sun kumbura tun daga gwiwa, fatar ta yi kaushi kamar ɓawon itace, sama kuwa haƙarƙari a waje. Fuskar ban gane ta ba. Hannun da ke riƙe da kwando na gane.

Na ce, "Cindo."

Ya waiwayo ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Yaya? Ke ce, ko yunwa ce ke yi mini wasa?"

Na ce, "Ni ce, ɗan banza. Shekara uku ko goro ba ka aiko ba."

Ya ce, "Ai ina tara wa Inna tsaraba ne. Ba ta daɗe tana kukan turminta ya tsage ba? Duba, biyu na samo mata." Ya nuna ƙafafunsa.

Na yi dariya. Ya tambayi mijina da yaran, na gaya masa. Ya ajiye kwandon ya zauna a laka, Tsinke ya zo ya tashe mu da bulala.

Iya Wurra ce ta gaya mini tushen ciwon. Ƙasar nan mai laushi tana da wasu ƙananan tsini da ido ba ya gani, suna shiga ta tafin ƙafa shekara da shekaru har jijiya ta toshe. Sanɗawa tun kakanni suna naɗe ƙafa da fata, suna wanke ta kullum. Ƙosau ya ƙwace fatun. Ya ce bawa mai tundurmi ba ya bukatar marin ƙarfe a ƙafa.

Na so in gudu da Cindo, amma mutumin da ke yini kafin ya hau gona goma ina za shi? Sai na riƙa ɗaukar kwandona in dawo in ɗauki nasa. Kwana ashirin muna haka, Tsinke ya gane. Ya tara bayi ya ce, "Wanda ba ya hawa ba ya ci." Aka ja Cindo zuwa wata rumfa a gindin gangare da suke kira Rumfar Jira. Akwai mutum kusan arba'in a ciki, duk masu irin ƙafarsa. Ruwan sama kawai ake barinsu da shi.

Na tambayi Iya, "Jiran me suke yi?"

Sai ta kai ni wata gona ta nuna mini masara. Ƙasa baƙa wuluk, amma masarar ta tsugune, ganyenta ya yi ja kamar ruwan makuba. Ta nuna ta kusa da ita, kore shar, ta fi ni tsawo sau biyu.

Ta ce, "Ƙasar nan marowaciya ce. Akwai wani abincin shuka da take ƙanƙamewa, ba ta saki. Sai an ba ta tokar ƙashi take buɗe hannu. Mu ƙashin shanu da na awaki muke ƙona mata. Shi wannan sarkin, ɗan'uwanki mutumin kwari, ya ce shanu tsada gare su."

Sau biyu ina kai wa Cindo dafaffen dankali a ɓoye, sau biyu ana ɗaure ni a turke ana duka. A karo na uku na tarar ba ya iya haɗiya. Ya kama hannuna da yatsun nan shida.

Ya ce, "Yaya, in kin koma kada ki tsaya ba Inna dogon labari. Ki ce mata na ce na yi ƙiba."

Washegari da safe ya cika. Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba. Aka sa shi a matoya, shi da wani jaki da ya karye a ranar. Da wuta ta mutu aka niƙa abin da ya rage, ya cika ƙwarya ɗaya. Tsinke ya neme ni musamman ya miƙo mini.

Ya ce, "Ga ƙanen da kika zo nema. Wanda ya fi fari shi ne jakin."

Ya tasa ni gaba zuwa wani ɗan fangali na albasar sarki, a gefen gabas, manne da ƙundumin dutsen nan. Ya sa na barbaɗa, ya sa na cuɗa da fartanya har fari ya ɓace cikin baƙi. Ya duba tafin hannuna da bakin zanena, kada in ɓoye ko kaɗan. Ban yi kuka ba. Faɗin fangalin nake aunawa da ido. Bai fi tabarmar salla ba. Ƙasar samansa za ta shiga burgami.

Sai dai gonar sarki ba ta rabuwa da mai tsaro, hanyar sauka kuma masu baka ne a kanta.

Ana nan marka ta kankama, kwana arba'in ruwa bai ɗauke ba. Aka aike ni gidan sarki da itace. Na ga Ƙosau, wani ƙaton mutum mai son tsabta, ya fito daga zaure ya taka farfajiyarsa, takalminsa ya nutse har idon sawu. Ya yi ta zagi. A nan dabarar ta faɗo mini, kuma ban kore ta ba.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, babban gida haka babu daɓe?"

Ya juyo. "Ke 'yar ina ce?"

"Jan Yashi, ranka ya daɗe. Duk daɓen da aka yi a garinmu ni ke ba da waƙa."

Idonsa ya canja. Ya ce, "Shekara tara ban ji ƙarar madaɓi ba. A gidan ubana in an yi daɓe, sai ka zubar da fura ka lashe. Waɗannan karnukan sun ce wai dutse zai yi fushi." Sannan ya ce, "Amma wa ke daɓe da damina?"

Na ce, "A ƙasarmu babu, ranka ya daɗe. Amma ta nan in ta bushe ƙura take zama, kai ma ka gani. Sai tana jiƙe take kamawa. Kuma tana son hannu da yawa, a buga tare, ganga tana ba da sa'a."

Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta shige shi. Ya sa aka sassaƙa madaɓai ɗari uku, aka ɗinka ganguna, aka yi shela jibi duk mai iya ɗaga hannu ya hallara, har masu tsaro.

Da na koma bukka na tarar da Iya Wurra a tsaye.

Ta ce, "'Yar kwari, abin da na zuba miki a tafin hannu, wannan za ki yi da shi?"

Na ce, "Inna ta ce in kawo shi."

"Kin san su wa ke ƙarƙashin gidan? Kin san su wa za su riƙe madaɓan?"

"Na sani."

"Na Rumfar Jira ko rarrafe ba sa iyawa. Akwai masu goyo a bukkokin nan."

Na ce, "Iya, ki hau ƙundumin dutse jibi. Ke kaɗai na gaya wa."

Ta tofa mini yawu a fuska. Da gari ya waye ta hau gidan sarki da ƙafarta, ta gaya wa Ƙosau komai, har da sunana. Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce camfin Sanɗawa ya ishe shi, kuma tsohuwa hassada take yi don an ɗaukaka baƙuwa. Ya sa aka yi mata bulala goma. Na gan ta tana saukowa tana dafa ƙasa, ta wuce ni ta nufi Rumfar Jira, ta fara jan mutane ɗaya-ɗaya ta hammata. Tsohuwa ce mai ido ɗaya. Kafin ranar, mutum huɗu ta iya fitarwa, Tsinke ya sa aka mayar da su.

Ranar daɓe aka jeru sahu-sahu a farfajiya, bayi a tsakiya, masu baka a gefe, su ma sun ajiye bakunansu sun karɓi madaɓai don marmarin gida. Ƙosau ya zauna a kujera bisa bakin gangare. Na ba da waƙa, irin wadda muke yi a Rafin Ƙaiƙayi, masu baka suka amsa, wasunsu har da hawaye. Madaɓai ɗari uku suka sauka tare. Dim. Dim. Dim. Na ji abin a tafin ƙafata, ƙasar tana rawa kamar fatar ganga. Ba a jima ba ta fara sheƙi, ruwa yana tsattsafowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta fara kamawa. Bari in ɗauko ruwan makuba."

Ya ce, "Yi sauri. Kai Tsinke, karɓi waƙar!"

Na bi ta gabas. Babu kowa a gonar albasa. Na kwance burgamin daga ƙuguna, na durƙusa na yi ta kwasa da hannu biyu, har na kwashe saman fangalin kaf. Na ɗaure, na goya shi a baya kamar jariri, na hau ƙundumin dutse. Ina jin muryar Tsinke tana ɓata mini waƙa.

Babu wata tsawa da aka yi. Wani sauti ne kamar saniya ta zare ƙafa daga taɓo, amma mai girman duniya. Na ga tsaga ta buɗe a bayan gidan sarki. Gidan ya tafi a tsaye, da zaurensa, da farfajiyarsa, da mutanen da ke kai, wasu ba su ma daina bugawa ba. Sannan komai ya narke. Gona ta hau gona, gangaren ya zama baƙin kunu yana malala, ya sauka kan bukkoki da Rumfar Jira, ya cike kwarin. Kafin a karanta Fatiha uku an gama. Sai yayyafi, sai wata ganga guda tana juyawa a saman laka.

Na tsaya har azahar ko zan ga wani ya motsa. Ban ga kowa ba. Na sauka ta kan dutsen. Da na zo gaɓoɓin nan masu layi-layi ban ɗaga kai ba. Na san yanzu akwai na takwas, kuma ba dutsen ne ya yi shi ba.

Komowa ta fi tafiya wuya. Na shimfiɗa ganye a cikin burgamin, na riƙa yayyafa wa ƙasar ruwa safe da yamma kamar yadda fatake ke yi wa goro. Ragata tana nan inda na ɓoye ta, na ƙetare kogin da burgamin a ƙeya. Amma daga can ƙasa ce ta rana, babu ayari kuma. In na sami ruwa sai in raba uku, biyu nata, ɗaya nawa. Ƙafata ta hagu ta fara nauyi.

A bakin Jan Yashi wasu 'yan fashi biyu suka tare ni. Babban ya fizge burgamin ya kwance.

Ya ce, "Laka? Tsohuwar dabara. Zinariya ce a ciki. Zazzage ta a yashi mu gani."

Na ce, "Zazzage, ɗan'uwa, ka tona da hannunka. Amma fara duba nan." Na ɗage zane na nuna musu ƙafar, ta kumbura tana ƙyalli. "Sau ɗaya na taka ta. Wani attajiri ne ya aike ni in ɗebo masa, zai barbaɗa a ƙofar maƙiyinsa. Har gaban namiji ma tana kamawa."

Ya saki burgamin ya yi tsalle baya yana goge hannu a riga. Ƙaramin ya ce, "Mayya!" Ya kwaɗa mini mari, ya yanke igiyar salkata, suka tafi da ita.

Saura tafiyar kwana biyar, babu salka. Da asuba nakan shimfiɗa zanena a kan ciyawa ya sha raɓa, in matse a burgami. Na tauna saiwa na tofa mata. Har abin da ba zan faɗa a gaban maza ba na zuba mata. Kullum sai na tura yatsa in ji. Da danshinta. Da danshinta na shiga Rafin Ƙaiƙayi, zazzaɓi yana kaɗa ni, harshena ya kumbura ya cika baki. Na ga ƙofar gidanmu, na ga Inna ta taso. Na so in ce mata kada a taɓa, amma abin da ya fito ba magana ba ce. Na faɗi.

Kwana uku ban san inda nake ba. A na huɗu na buɗe ido a ɗakin Inna, rana ta take. Na laluba bayana, babu komai. Na rarrafa zuwa ƙofa.

Burgamin yana rataye a kan danga, an juye cikinsa waje, ya bushe ƙayau. A tsakar gida ga tabarmar kuɓewa a shimfiɗe. Kaji biyu suna birgima a kai. Abin da ke kanta bai fi tafi ɗaya ba, fari-fari, iska tana ɗaga shi kaɗan-kaɗan.

Inna ta ce, "Sannu, 'yar nan, kin tashi? Wace irin wauta ce wannan, ki goyo jiƙaƙƙiyar ƙasa tun daga wata duniya? Har ta fara wari. Na ce tunda kin sha wuya a kanta bari in gyara miki. Kwana uku ina juya ta. Amma ba ta da auki, da ta bushe sai ta bi iska. Jiya har cikin miya na same ta."

Na kore kajin. Na tattara abin da ya saura a ƙwarya, na zuba ruwa. Na san abin da zai faru, amma na zuba. Ruwan ya dunƙule, ƙurar ta taso ta hau kansa, ƙwaryar ta cika ta tumbatsa, ta bi rariya ta fita waje inda awaki ke sha.

Inna tana kallona. Ta ce, "Ƙasa ce fa, ba goro ba. Bar wannan. Kin gan shi? Ina ɗana?"

Na dubi tabarmar, da ɗan farin da ya maƙale a saƙarta. Na dubi hannuwan Inna, da farin a ƙarƙashin faratanta. Mutum ɗari uku da wani abu na tuna, da tsohuwa mai ido ɗaya tana jan gurgu ta hammata.

Na ce, "Na gan shi, Inna. Ya ce in gaya miki ya yi ƙiba."

Ta tafa hannu ta yi dariya, irin wadda rabona da ji tun mahaifinmu na da rai. Ta ce, "Ɗan banza! Ya sami wuri ya manta da uwarsa. Ai dama tun yana goye ba ya ƙoshi." Ta ɗauki tabarmar ta kai bakin ƙofa, ta kakkaɓe ta sau uku, ta ɗauko tsintsiya ta share tsakar gida tas.

Shekara biyu ta ƙara a duniya, kullum tana ajiye masa busasshiyar kuɓewa. An binne ta kusa da mahaifinmu. Ban taɓa gaya mata ba. Ku ne na fara gaya wa, yanzu da ƙafafun biyu suka zama turame, ba ni da inda za ni.

Iyakar abin da na gani ke nan, da abin da na aikata. Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya san abin da ke cikinta. Ku tashi ku tafi harkokinku. Kun zauna a tsakar gidan nan, ƙura ta hau muku tufafi. In za ku kakkaɓe, ku kakkaɓe a hankali.